Muciyar da Inna Ta Bari a Tabarma

A lungunmu na Liman Abaji ba a sa mutum aikin biki. Ba a roƙonsa, ba a aika masa, in ya gama kuma ba a gode masa. Na san baƙo zai ji haka ya ce mutanen nan ba su da tarbiyya, amma mu da wannan muke taƙama, har da ɗaga hanci. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, takan ce duk wanda aka ce wa zo ka taya mu, ɗan ƙwadago aka mai da shi ko da ba a biya shi ba, kuma ita ba ta taɓa ganin an yi wa mutum godiya don ya share ɗakinsa ba.

Bikin shekara muke yi idan damina ta ɗauke, sabuwar doya ta cika kasuwa. Ba na gwamnati ba ne, ba kuma na wani attajiri ba, namu ne. Ranar Asabar ake sa shi don ma'aikatan da ke zirga-zirgar Abuja su samu zuwa. Da safe malamai su yi addu'a, yara su yi karatu da tsere, da rana a ci abinci, da yamma a buga ƙwallo tsakanin magidanta da gwauraye. Tun da na yi wayo magidanta ke shan kashi, kuma tun da na yi wayo laifin alƙalin wasa ne. Mutane kan zo daga sauran unguwannin Keffi, wasu da gayyata, yawanci ƙamshin miya ne ya gayyato su, kuma ba a taɓa korar kowa ba.

Ga yadda ake raba aiki. Ranar jajibere da hantsi a shimfiɗa babbar tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gidan mai unguwa. Kowa ya fito da kayan bikin da ya kwana a hannunsa tun bara ya ajiye a kai: tsintsiyoyi, bokitai, ludaya, wuƙaƙe, igiyar ɗaure rumfa, gatarin faskare, wayar lasifika, har usur ɗin alƙalin wasa. In an gama ajiyewa sai mai unguwa ya yi bismilla. Daga nan kowa ya matso ya sunkuya ya ɗauki abin da ya ga zai iya. Abin da ka ɗauka shi ne aikinka. Ba tafi, ba guɗa, sai dai na kusa da kai ya ce, "Allah ya ba da iko." Bayan biki ka tafi da kayan gidanka ka adana har baɗi. Sharaɗi ɗaya ne: kayan unguwa ba ya kwana a wajen unguwa.

Ina son wannan safiya fiye da bikin kansa. Nan za ka ga ma'aikacin banki, wanda a ofis sai an buɗe masa ƙofa, ya naɗe ƙafar wando ya rungumi bokiti biyu. Akwai wani malamin jami'a da ba ya ɗaukar komai sai tsintsiya, kuma shararsa ba ta da kyau ko kaɗan, mata sai sun bi bayansa sun sake, amma ba wanda ya taɓa gaya masa. Akwai tela da ke rufe shagonsa a lokacin da ɗinki ya fi yawa, ya hau tsani yana ɗaure rumfa yana zagin igiya. Ba mai biyansu, ba mai kiran sunansu a lasifika. Na yi aiki a ofisoshi inda sai an kafa kwamiti kafin a matsar da teburi, shi ya sa har yau in na ga mutanen nan sun sunkuya a kan tabarmar, ƙirjina yakan cika.

Inna kuwa muciya take ɗauka. Babbar muciyar tuwon biki ce, tsawonta ya kusa kai mata kafaɗa, ta yi baƙi ta yi sheƙi saboda hannu da mai. Tun kafin a haife ni take hannunta. A bayan ƙofar ɗakinta take jingine shekara guda cur, har kanta ya yi wa bangon tabo. Muna yara in mun yi ɓarna da ita ake yi mana barazana, ko da yake ba a taɓa dukan kowa da ita ba, Inna ta ce ba za ta ɓata kayan unguwa a jikin marasa ji ba.

Gidan da ke kallon namu na wata mata ne da kowa ke kira Maman 'yan biyu. Mutuniyar garin Agwada ce, nas ce, aiki ya kawo su Keffi ita da mijinta ina 'yar firamare. Haya suka fara, daga baya suka sayi gidan. Ranar Lahadi ta tafi coci, ranar Sallah ta shigo mana da 'ya'yanta cin nama. Da wuya a sami gida a lungun da ba ta shiga da jakarta ba, ko zazzaɓin yaro, ko naƙuda, ko tsoho ya faɗi a banɗaki. Mace ce mai faɗa, ba ta iya ganin aiki a yashe ta wuce. In ta shigo ta tarar da kwanuka a tsakar gida sai ta hau wankewa tana yi wa masu gidan tas.

Kowace ranar jajibere takan sa a kawo doya daga gonar ƙaninta a Agwada, a jibge a gefen tabarma. Mai unguwa ya yi mata godiya mai tsawo, dattawa su sa albarka, ta koma gida. Ranar biki kuma a ba ta kujera a sahun gaba cikin rumfar baƙi, a kai mata abinci a farantin tangaran tun kafin kowa ya ci. Mu a ganinmu babu karramawar da ta wuce wannan. Wasu matan kan yi gulma a bakin murhu cewa nas ba ta son hayaƙi, shi ya sa shekara da shekaru ba ta taɓa sunkuyawa ta ɗauki ko cokali ba.

A shekarar da nake ba da labari mijinta ya rasu, ita ma ta yi ritaya. Ɗaya daga cikin 'yan biyun ya yi gini a garin Panda, ya matsa lallai sai ta koma wurinsa, ya ce ba zai bar ta ita kaɗai a cikin mutanen da ba danginta ba. An tsayar da magana cewa za ta ga bikin bana, washegari ya zo da mota ya kwashe ta.

Ana saura 'yan kwanaki na shiga gaishe ta. Na tarar da ita a tsakiyar kwalaye tana naɗe kofuna da tsohuwar jarida. Na zauna ina taya ta, na ce, "Mama, yanzu da gaske tafiya za ki yi ki bar mu? Wa zai riƙa yi mana faɗa?"

Ta yi dariya kaɗan, sannan ta ajiye kofin. Ta ce, "'Yata, yaron nan ya tambaye ni abu ɗaya. Ya ce, Mama, shekara nawa kina wurin nan, har yau a ina suke zaunar da ke ranar bikinsu? Kujerar baƙi ce, ai ya sani."

Na ce, "Haba Mama, ai girmamawa ce."

"Na sani. An girmama ni har na gaji. Ni na karɓi haihuwar rabin yaran da ke tsere a filin nan. Amma in an kawo mini farantin nan mai fure, ina hango uwarki can cikin hayaƙi tana zagin mutane, wallahi abincin ba ya wuce mini. Ko sau ɗaya ba wanda ya ce, Maman 'yan biyu, zo ki riƙe mana wannan."

Na yi sauri na ce ai ba a cewa, kowa ɗauka yake yi, ita ma da ta sunkuya ta ɗauka ba mai hana ta. Ta dube ni irin duban da take yi wa mara lafiyar da ya ce ya sha magani alhali bai sha ba.

Ta ce, "In ɗauki na wa? Tsintsiyar malamin jami'a, ko igiyar tela? Ina tsaye nake kallo duk shekara. Kowane abu a tabarmar nan da mai shi. Kafin mai unguwa ya rufe baki kowa ya koma kan nasa. In na sa hannu, na wani na ƙwace."

Gaskiya ta faɗa. Muna ta alfahari cewa tabarmarmu ta kowa ce, ba mu lura ba cewa an daɗe da daina barin komai a kanta. Amaryar da aka kawo lungun, uwar mijinta kan sakar mata ludayi. Wadda ba ta da uwar miji a cikinmu fa? Ita tana jira a kira ta, mu muna jira ta ɗauka, muka kwashe shekara ashirin da ɗoriya muna kallon juna ta tsallaken hanya, kowa na ganin ɗayan ne ba ya so. Abin ya ba ni haushi, ya kuma ba ni tausayi.

Na koma gida na zayyana wa Inna. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Na ce mu je mu roƙe ta kawai. Ta ce, "Ke auta, so kike in mai da ita 'yar aiki da tsufanta?" Na ce to in sayo sabon ludayi in ajiye a tabarma. Ta ce, "Ta ga sabon ludayi fil, ba ta san don ita aka sayo ba? Farantin tangaran ne kika sake miƙa mata." Na ce to yaya za a yi, mu zuba ido ta tafi? Inna ta ce in miƙo mata tire, shinkafar nan duk tsakuwa ce. Na fita ina ƙunƙuni, ina cewa a raina tsofaffin nan sun fi son al'adarsu da mutane.

Ranar jajibere aka shimfiɗa tabarma kamar kullum. Inna ta fito da muciya ta kwantar a tsakiya, ta ja kujerarta 'yar tsugunno ta zauna a gefe. Maman 'yan biyu ta iso da doyarta, aka jibge, mai unguwa ya yi godiyarsa, wannan karon har da ban kwana. Ta tsaya daga baya ta harɗe hannu, kallon ƙarshe. Aka yi bismilla, mutane suka sunkuya. Kafin ka ce me, tabarma ta yi wayam, saura abu ɗaya.

Inna ba ta tashi ba. Tana zaune tana matsa kafaɗarta ta dama tana yamutsa fuska. Ta ce, ba da kowa take ba, "Kafaɗar nan ta ƙi bana."

Ba a taɓa ganin muciyar nan ta yi minti guda a tabarma bayan bismilla ba. Matar yayana, wadda kowa ya san ta daɗe tana harin muciyar, ta gyara ɗaurin zane ta yi taku ɗaya. Inna ta juyo ta zuba mata ido. Ban san me ke cikin kallon ba, amma baiwar Allah sai ta sunkuya ta hau gyaran takalminta, wanda ba abin da ya same shi. Wata ma ta motsa, ita ma ta samu nata kallon. Mai unguwa ya yi gyaran murya ya dubi sama, kamar yana lissafin ganyen darbejiya. Tela ya tsaya da igiya a wuya. Ba mai ikon cewa wance ɗauki, ba kuma mai ikon naɗe tabarma da kaya a kai.

Rana ta fara zafi. Inna ta numfasa ta ce da ƙarfi, "To, shi ke nan. Bana babu tuwo. A dafa wa mutane doya a ba su da gishiri, sa ci."

Daga baya muka ji murya. "Doya da gishiri? Mutane su taso daga ko'ina a ba su doya da gishiri kamar marasa lafiya?" Maman 'yan biyu ce, faɗan ya motsa. Ta ratso mutane tana cewa, "Mata cike da wuri, a ce an rasa mai tuƙa tuwo? Wane irin abin kunya ne wannan!" Sai ga ta a bakin tabarma. Nan ta yi turus, kamar sai a lokacin ta gane inda ƙafarta ta kawo ta. Ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ta dubi Inna. Inna na can tana matsa kafaɗa tana kallon wata akuya.

Maman 'yan biyu ta cire takalmi, ta taka tabarmar, ta sunkuya. Ta ɗago muciyar ta tsaya riƙe da ita, tana jiran wani ya ce ajiye.

Inna ta ce, "Allah ya ba da iko." Sai muryoyi suka amsa daga ko'ina, maza da mata. Inna ta ƙara da cewa, "Daga tsakiya ake riƙe ta, ba allura ba ce." Aka fashe da dariya, aka naɗe tabarma, kowa ya kama gabansa. Ba wanda ya gode mata.

Washegari tun da sassafe Maman 'yan biyu tana bakin murhu, ta ci ɗamara da tsohon zane. Tukunyar biki ba irin ta gida ba ce, sai mutum ya tsaya da ƙafa biyu ya sa ƙarfinsa duka. Inna ta kafa kujera kusa da ita, wai mai ciwon kafaɗa, bakinta kuwa lafiyarsa ƙalau. "Garin ya yi yawa! Wa ya ce ki zuba gaba ɗaya? Juya ta ƙasa, ta ƙasa na ce! Ji gudaji kamar tsakuwa, so kike a ce lungunmu ba a iya tuwo ba?" Maman 'yan biyu tana tuƙi, gumi na zuba, hayaƙi ya sa idonta ja, tana ramawa: "Hajiya, ki bar ni in yi numfashi mana! In kin iya ki taso!" Matan da ke gulmar nas ba ta son hayaƙi suka yi ta kwasar tuwo, ba wadda ta ɗaga kai.

Tukunyar farko, gaskiya, da gudaji. Ta biyu ta yi dama-dama. Daga ta uku tuwo ya yi laushi ya yi santsi, Inna ta gutsura ta ɗanɗana ta ce, "Ba laifi." A bakin Inna wannan lambar yabo ce, ni da ta haifa ban samu ba sai bayan na yi aure.

Biki ya yi kyau. Yara sun yi tsere, ma'aikacin banki ya yi ta jido har rigarsa ta manne masa a baya, gwauraye sun lallasa magidanta, an ɗora wa alƙali laifi. A rumfar baƙi akwai kujera ɗaya a sahun gaba da ba kowa a kai, har wani baƙo daga wata unguwa ya ja ta ya zauna.

Masu aiki ba sa cin abinci sai kowa ya ƙoshi, kuma abin da ke rage musu ƙanzo ne, wato ɓawon tuwon da ya kama gindin tukunya. A kankare shi, a yayyafa ruwa, a zuba ragowar miya, a ci a tsaye daga cikin tukunyar. Bayan la'asar muka kewaye ta. Maman 'yan biyu ta sa hannu tare da mu, wata ta ture ta da gwiwar hannu ta ce ta matsa ta cika wuri. Ta kai loma baki, sai na ga hawaye na bin fuskarta. Na ce, "Mama, hayaƙi ne?" Ta ce, "Wane hayaƙi, wuta ta mutu. Yau tun safe ake zagina, 'yata. Ban taɓa jin daɗi irin na yau ba."

Ranar Lahadi bayan ta dawo daga coci ɗanta ya iso daga Panda da motar ɗaukar kaya. Ina ƙofar gida ina shara, Inna na zaure. Ya shiga gidan uwarsa, ba a jima ba suka fito tare, yana magana da hannu, ita kuma tana riƙe da muciya.

Ya ce, "Mama, sanda ce fa. Ki miƙa musu abinsu mu tafi, rana na yi."

Ta ce, "Ba a miƙawa. Wanda ya ɗauka shi ke ajiyewa, kuma ba ta kwana a wajen unguwa."

"To sai yaushe?"

"Sai baɗi, in an shimfiɗa tabarma."

Ya sauke murya ya ce, "Shi ke nan, baɗi in kin ajiye sai in zo."

Ta ce, "Ka zo cin tuwo dai. In na ajiye, ni zan riga kowa sunkuyawa."

Ya tsaya yana kallonta, ya kalli muciyar, ya kalli tafin hannunta da ya yi bororo. Yaro ne mai hankali. Ya juya ya ce wa direba ya kashe mota, su shiga su kwance kwalayen.

Inna ta leƙo daga zaure ta ɗaga murya: "Maman 'yan biyu! Ki riƙa shafa mata man gyaɗa, kada ki bar ta ta tsage ki kashe mana kaya!" Daga tsallaken hanya aka amsa, "Na ji, Hajiya, kada ki cika ni da surutu!"

Na bi Inna ciki. Na tarar ta ɗauki bokiti cike da ruwa da hannun dama, wannan mai ciwon, ta kai bayan gida ko nishi babu. Da ta dawo ta tura ƙofar ɗakinta, ta miƙa hannu bayan ƙofar kamar yadda ta saba yi duk shigarta, hannun ya sami bango. Ta ɗan tsaya tana shafa tabon da yatsa. Da ta ga ina kallonta ta ce, "Me kike kallo? Je ki ƙarasa shararki."